Daga bariki zuwa zauren majalisa: abin da tarihin David Mark ya nuna

Tambaya: "Ina yawan jin ana cewa David Mark ne tsohon sojan da ya fi kowa iya siyasar majalisa a Najeriya. Shin horon soja ne ya taimake shi? Kuma tsohon soja ya fi farar hula amfani a majalisa?"

Ɗan'uwa, tambayoyinka biyu ne, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. A ganina kaki ya kai David Mark, tsohon shugaban Majalisar Dattawa, bakin ƙofar majalisa, amma abin da ya zaunar da shi a ciki har shekara 20 shi ne ya yarda ya koyi wata sana'a daban, wadda a wurare da yawa kishiyar aikin soja ce. Game da tambaya ta biyu kuwa, akwai wuri guda da tsohon soja ya kamata ya fi kowa amfani, kuma abin takaici a nan ne tsofaffin sojojinmu suka fi gazawa.

Sai mu fara da wani abu da ake yawan mantawa. Duk lokacin da soja suka yi juyin mulki a ƙasar nan, kotuna na ci gaba da zama, ma'aikatu na buɗewa da safe, manyan sakatarori na nan a kan kujerunsu. Majalisa kaɗai ake rufewa. Haka aka yi a Janairun 1966, haka aka yi ranar 31 ga Disamba 1983, haka Janar Sani Abacha ya yi a Nuwamban 1993. Tsakanin 1966 da 1999 soja sun yi kusan shekara 29 a kan mulki, kuma a yawancin wannan lokaci doka takan fito ne daga majalisar ƙoli ta soja, a rubuta ta yau, a sa hannu, ta fara aiki, wani lokaci ma a mayar da ranar fara aikinta baya. Hafsan da ya tashi a wannan zamani bai saba ganin an yi wa doka karatu na ɗaya da na biyu ba, balle a kira jama'a su faɗi ra'ayinsu a kanta. Saboda haka idan irin wannan mutum ya zama sanata, ya shiga gidan da su da abokan aikinsa suka saba sa wa kwaɗo ne.

David Mark ɗan ƙabilar Idoma ne daga Otukpo a Jihar Binuwai, an haife shi a 1948. Ya yi Makarantar Soja ta Zariya, ya wuce Makarantar Horar da Hafsoshi ta Kaduna, ya fito hafsa a 1970, ya yi aikinsa a ɓangaren sadarwa na rundunar sojan ƙasa. Tun yana Manjo aka fara ba shi aikin da ya fi kama da siyasa: a tsakiyar shekarun 1970 ya shugabanci kwamitin da ya zartar da hukunci kan gidajen da 'yan ƙabilar Ibo suka bari a Fatakwal lokacin yaƙin basasa. Har gobe akwai iyalan da ba su yafe masa wannan aiki ba. A 1984 gwamnatin Janar Buhari ta naɗa shi gwamnan Jihar Neja, ya zauna har 1986, daga baya Janar Babangida ya ba shi ministan sadarwa. A wannan kujera ne aka jingina masa maganar nan cewa tarho ba na talaka ba ne, maganar da ya sha cewa an juya ta, amma ta bi shi har tsufa. Ana lissafa shi cikin hafsoshin da suka fi kusa da Babangida. Da Abacha ya karɓi mulki sai zama ya gagara, ya bar soja yana Birgediya Janar, ya soki gwamnati a jarida, ya yi gudun hijira zuwa ƙasar waje, bai dawo ba sai a 1998 bayan rasuwar Abacha. A 1999 ya ci kujerar sanatan Binuwai ta Kudu a jam'iyyar PDP.

Ka duba wannan tarihi da kyau. Mutumin da ya tsaya takara a 1999 tsohon gwamna ne, tsohon minista, mai suna, mai abin hannu, wanda ya san manyan ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan su ne jarinsa. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Ike Nwachukwu da ya wakilci Abiya ta Arewa ya yi gwamnan Imo ya kuma yi ministan harkokin waje. Tunde Ogbeha na Kogi ta Yamma shi ne gwamnan farko na Akwa Ibom. John Shagaya da Jeremiah Useni, da suka riƙe kujerar Filato ta Kudu a lokuta daban, dukansu tsofaffin ministoci ne. Abubakar Tanko Ayuba ya yi gwamnan Kaduna kafin ya wakilci Kebbi ta Kudu, wanda ya gaje shi a kujerar, Muhammadu Magoro, ya yi ministan cikin gida. Jonah Jang na sojan sama ya mulki Binuwai da Gongola a kaki. Kusan duk tsohon sojan da ya kai Majalisar Dattawa ya taɓa riƙe muƙamin siyasa a zamanin mulkin soja. A watan Yunin 1999 Obasanjo ya yi wa hafsoshi 93 da suka taɓa riƙe irin waɗannan muƙamai ritaya a lokaci guda, don a raba bariki da kwaɗayin mulki. Wasu daga cikinsu jam'iyyu suka nufa.

Sajan da ya yi shekara 35 yana gadi, ko kofur ɗin da ya rasa ƙafa a dajin Sambisa, ba ka ganinsa a wannan jeri. A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da takardar neman takarar sanata naira miliyan 20, ba a zo maganar wakilan zaɓen fid da gwani ba tukuna. Don haka idan muka ce "tsohon soja a majalisa" a Najeriya, tsohon mai mulki muke nufi a mafi yawan lokuta, kuma wannan bambanci yana da tasiri a kan duk abin da zai biyo baya.

Yanzu ga abin da ya sa na ce Mark ya koyi wata sana'a. A bariki umarni daga sama yake saukowa, kuma na ƙasa ba ya tambayar dalili. A Majalisar Dattawa mutum 109 ne, uku daga kowace jiha da ɗaya daga Abuja, kowanne da ƙuri'a guda, kowanne yana ganin jama'arsa ce ta turo shi. Shugaban majalisa su suka zaɓe shi, kuma sashe na 50 na kundin tsarin mulki ya ba su ikon tsige shi da kashi biyu cikin uku. Ba zai iya yi wa kowa canjin wurin aiki ba, ba zai iya kulle kowa a gadurum ba. Tsakanin 1999 da 2007 mutum biyar suka hau kujerar: Evan Enwerem, Chuba Okadigbo, Anyim Pius Anyim, Adolphus Wabara, Ken Nnamani. An tsige biyun farko, Wabara ya yi murabus a 2005 a kan zargin cin hanci. Sanatoci da kansu suka riƙa cewa akwai ɓawon ayaba a ƙarƙashin kujerar, duk wanda ya hau sai santsi ya ɗebe shi.

Duk wannan ya faru a kan idon Mark, yana zaune a matsayin sanata kamar kowa har shekara 8. Ina ganin waɗannan shekaru sun fi duk wani kwas da ya yi a soja amfani gare shi. Ya ga yadda Okadigbo, da duk iliminsa da iya maganarsa, ya faɗi bayan ya yi faɗa da fadar shugaban ƙasa kuma wasu abokan aikinsa suka juya masa baya. Ya gane cewa shugaban majalisa na faɗuwa ne idan abu biyu suka haɗu: fushin fadar shugaban ƙasa daga waje, da sanatoci masu jin an ware su daga ciki. A watan Yunin 2007 ya tsaya neman shugabanci, ya kara da George Akume, tsohon gwamnan jiharsa, ya yi nasara da ƙuri'a 68 a kan 39. A 2011 ba wanda ya fito ya kara da shi. Shi ne mutum na farko a wannan jamhuriya da ya kammala zango biyu cif a kujerar, daga 2007 zuwa 2015.

Yaya ya yi? Babban makamin shugaban majalisa shi ne rabon kwamitoci. A zamaninsa kwamitocin sun haura 50, wato kusan kowane sanata ko dai shugaban kwamiti ne ko mataimaki, har da 'yan adawa da waɗanda suka ƙi zaɓensa. Idan rigima ta taso, sai a fitar da 'yan jarida, a rufe ƙofa, a yi ta a ciki, a fito da murya ɗaya. Da fadar shugaban ƙasa kuma ya zaɓi lallashi, ba ya bari saɓani ya fito fili sai dole. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ake koyarwa a filin fareti. Aikin dillali ne, mai sanin abin da kowa ke so da abin da zai iya haƙura da shi. Da yawa daga cikin sauran janar-janar ɗin da na ambata zango ɗaya suka yi a majalisa suka tafi, kuma ban tsammanin rashin basira ne. Mutumin da ya saba idan ya shigo ɗaki kowa ya miƙe tsaye, yana da wuya ya jure ɗaga hannu yana jiran a ba shi izinin magana na minti biyar, sa'an nan wani yaro sa'ar ɗansa ya katse shi.

Akwai dai lokaci guda da nake ganin sojancinsa ya yi aiki sosai. Ranar 23 ga Nuwamba 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi Saudiyya jinya ba tare da ya aika wa majalisa takardar miƙa mulki ga mataimakinsa ba, kamar yadda sashe na 145 ya tanada. Sashen a lokacin bai faɗi abin da za a yi ba idan shugaba bai rubuta takardar ba. Ƙasa ta yi sama da wata biyu ba a san mai sa hannu ba. Majalisar ministoci, wadda ke da ikon fara binciken lafiyar shugaba, ta ƙi motsi. Ranar 9 ga Fabrairu 2010 majalisun biyu suka zartar da ƙuduri cewa Goodluck Jonathan ya zama muƙaddashin shugaban ƙasa, suka kafa hujja da larura, suka ɗauki hirar da 'Yar'aduwa ya yi da BBC a watan Janairu a matsayin sanarwar da doka ke bukata. A fuskar shari'a hujjar tana da rauni, lauyoyi da dama sun faɗi haka, kuma suna da gaskiya. Amma Mark ya san yadda juyin mulki ke farawa, domin ya rayu a cikinsa. Ya san cewa idan kujera ta daɗe ba kowa a kai, wani a bariki zai fara lissafi. Kwana 9 kacal bayan wannan ƙuduri, ranar 18 ga Fabrairu, sojoji suka kifar da Shugaba Mamadou Tandja na Jamhuriyar Nijar a Yamai. 'Yar'aduwa ya rasu ranar 5 ga Mayu, mulki ya koma hannun Jonathan ba tare da an harba harsashi ko ɗaya ba, kuma a wannan shekarar aka gyara sashen, aka sa wa'adin kwana 21 wanda bayansa majalisa za ta iya ba mataimaki riƙo. Ko da wannan kaɗai ya yi, ya cancanci a ambace shi.

To, mu zo inda na ce an gaza. Kundin tsarin mulki ya ba majalisa iko mai yawa a kan soja. Ba a kashe ko kwabo sai ta amince a kasafi. Sashe na 88 da na 89 sun ba ta ikon bincike da kiran kowa ya zo ya yi bayani. Ba a tura soja yaƙi wajen ƙasa sai da yardar Majalisar Dattawa, kamar yadda aka nema a Janairun 2013 kafin tura dakaru Mali. Dokar ta-ɓaci ma sai ta amince. Matsalar ita ce yawancin 'yan majalisa farar hula ba su san me za su tambaya ba. Idan hafsan hafsoshi ya zo da kakinsa da lambobinsa ya ce "wannan sirrin tsaro ne", sai kowa ya yi shiru. Tsohon janar ba a yi masa haka. Ya san adadin mutanen da ya kamata a samu a bataliya, ya san bambancin motar sulke sabuwa da tsohuwar da aka yi wa fenti, ya san ta inda kuɗin abincin soja da alawus ɗin fagen daga ke zurarewa. Wannan shi ne amfanin da babu farar hular da zai iya kawowa.

Sai ga shi zangon Mark na biyu ya zo daidai da lokacin da Boko Haram ta fi ƙarfi. An sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa a watan Mayun 2013, majalisa ta amince, ta kuma sabunta ta sau biyu. Kuɗin tsaro na ta ƙaruwa. A 2014 Majalisar Dattawa ta amince a ciyo bashin dala biliyan 1 don sayen makamai. A wannan shekarar ce sojoji suka yi bore a barikin Maimalari da ke Maiduguri, suka harbi motar kwamandansu, kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa. A watan Disamba aka yanke wa wasu 54 irin wannan hukunci saboda ƙin fita yaƙi, su kuwa suna cewa ba a ba su makaman da za su tunkari abokan gaba ba. Daga baya aka sassauta hukuncin zuwa ɗauri. A 2014 ɗin dai aka sace 'yan matan Chibok, Gwoza da Bama da Mubi suka faɗa hannun 'yan tada ƙayar baya. Zargin karkatar da kimanin dala biliyan 2.1 na kuɗin makamai ta ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro bai fito daga wani kwamitin majalisa ba. Kwamitin da sabuwar gwamnati ta kafa a 2015 ne ya fito da shi. Majalisar da tsohon janar ke shugabanta, da wasu janar-janar a cikinta, ba ita ta bankaɗo shi ba.

Me ya sa? Ina ganin dalili biyu ne. Na farko, zumuncin kaki. Hafsoshin da ke zuwa kare kasafi ƙannensu ne a aiki, wasu ma sun yi aiki a ƙarƙashinsu, kuma al'adar soja ita ce ba a tona asirin runduna a gaban farar hula. Na biyu, salon da ya tsare wa Mark kujerarsa shi ne kuma ya dushe kaifin majalisar. Wanda ya gina zaman lafiyarsa a kan rashin faɗa da fadar shugaban ƙasa da kuma rufe ƙofa idan magana ta yi zafi, ba zai iya juyowa rana ɗaya ya buɗe binciken da zai kunyata gwamnatin jam'iyyarsa ana dab da zaɓe ba. An dai yi wa soja wani abu: a 2011 aka gyara dokar fansho aka fitar da su daga tsarin karo-karo. An kuma yi dokar yaƙi da ta'addanci da dokar 'yancin samun bayanai a shekarar. Amma har yanzu tsofaffin sojoji kan tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman haƙƙinsu.

Don ka ga yadda abin zai iya kasancewa, dubi John McCain na Amurka. Matuƙin jirgin yaƙi ne na sojan ruwa, aka harbo shi a Hanoi a 1967, ya yi sama da shekara 5 a tsare ana azabtar da shi, aka sake shi a 1973. Bai taɓa mulkar ko da gari ɗaya a kaki ba. Ya shiga Majalisar Wakilai bayan zaɓen 1982, ya koma ta Dattawa a 1987, ya zauna har rasuwarsa a 2018. A 2005 ya kawo gyaran dokar da ta hana azabtar da fursunoni, gwamnatin George Bush, ta jam'iyyarsa, ba ta so, amma sanatoci 90 suka goyi bayansa, 9 suka ƙi. Ba wanda ya isa ya ce masa bai san yaƙi ba ko ba ya kishin soja, kuma da wannan martaba ya riƙa tsare manyan hafsoshi da kamfanonin makamai da tambaya a kan tsadar kwangila. Ba waliyyi ba ne, ya goyi bayan yaƙin Iraƙi wanda ya jawo bala'i. Abin da nake nunawa kawai shi ne ya kashe jarin kakinsa a kan sa ido, har a kan nasa mutanen.

Ƙarshen zamanin Mark a kujerar bai yi armashi ba. A Janairun 2014 sanatoci 11 na PDP suka rubuto takardar komawa APC, ya ƙi karanta ta a zaure, ya ce magana na kotu. Ranar 20 ga Nuwamba 2014 'yan sanda suka tare ƙofar majalisa don hana Kakakin Majalisar Wakilai Aminu Waziri Tambuwal shiga, aka harba barkonon tsohuwa, 'yan majalisa suka haura ƙofa, Mark ya ba da umarnin rufe majalisar na 'yan kwanaki. A makon ƙarshe na zangon, a Yunin 2015, Majalisar Dattawa ta zartar da ƙudurorin doka 46 cikin kimanin minti 10, abin da ya fi kama da yadda ake fitar da dokar soja. Dokar man fetur da aka yi ta alkawari kuwa ba ta samu ba sai a 2021. A mazaɓarsa ma ba a taɓa barinsa ya huta ba: zaɓensa na 2007 sai da ya kai kotun ɗaukaka ƙara, na 2015 kuma aka soke shi, ya sake cin zaɓen da aka maimaita a 2016. Ya nemi takarar shugaban ƙasa a PDP a 2018, Atiku Abubakar ya samu, ya bar majalisa a 2019. A 2025 gamayyar 'yan adawa suka ɗauko shi ya riƙe shugabancin jam'iyyar ADC, kuma ba don ya iya harbi ba, sai don an san shi da iya zaunar da manyan mutane masu buri ɗaya a ɗaki ɗaya.

Saboda haka idan wani kanar ko janar mai ritaya ya zo neman ƙuri'arka, kada lambobin ƙirjinsa su ruɗe ka, kada kuma ka ƙi shi don kawai ya sa kaki. Ka bincika abin da ya yi tsakanin ritayarsa da takararsa. Ya taɓa zama a wata ƙungiya ko kwamiti inda aka kayar da ra'ayinsa da ƙuri'a, ya haƙura ya ci gaba da zuwa taro? Sa'an nan ka tambaye shi a gaban jama'a ko zai nemi shiga kwamitin tsaro ko na sojan ƙasa, kuma idan hafsoshi sun zo kare kasafinsu, ko zai yarda a yi zaman ƙofa a buɗe a kan duk abin da bai shafi shirin kai farmaki ba, kamar albashi da alawus, gyaran barikoki, kuɗin magani da haƙƙin matan sojojin da suka mutu a bakin aiki. Babu sirrin tsaro a cikin waɗannan, kuma shi ya fi kowa sanin haka.